Zangon Mota

Zangon mota shi ne tafiya da abin hawan da ke ɗauke da makwancin matafiyi da madafinsa da ruwan shansa, ta yadda duk inda ya tsaya nan ne masaukinsa. Abin hawan iri biyu ne. Akwai motar da aka gina ɗaki a jikinta, direba ya tashi daga sitiyari ya yi taku biyu ya hau gado. Akwai kuma ɗaki mai tayoyi, marar inji, wanda ake maƙala wa wata mota ta ja shi. Amurkawa da mutanen Kanada suna haɗa su duka su ce RV, taƙaicen wani suna ne mai nufin motar shaƙatawa. Turawan Ingila suna kiran ɗakin da ake ja karaban, kalmar da asalinta Farisanci ne, ma'anarta ta farko kuwa ayari.

Kalmar tirela tana iya rikita mai karatu a nan. A bakin Bahaushe tirela babbar motar kaya ce mai kai da dogon bodi, irin waɗanda ke jere a ƙofar masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano. A bakin Ba'amurke kalmar ta haɗa har da ɗakin hutun da iyali ke ja zuwa daji. Ana kwana a duka biyun, sai dai ɗaya neman abinci ne, ɗaya kuma hutu. Kano ta san na farkon ciki da bai. Na biyun ta gan shi a hannun baƙi na tsawon wasu shekaru, kafin hanyarsa ta toshe.

Kafin mota

Zango ya girmi mota da ƙarnuka. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan shafe watanni a hanya, madugu ne ke yanke inda ayari zai kwana, kuma abu uku yake dubawa: ruwa, da wurin da dabbobi za su samu ciyawa, da tsaro. Wasu zangunan sun zama garuruwa, irin su Zangon Daura da Zangon Kataf, kalmar kuma ta bi fatake har Kumasi da Accra, inda ake kiran unguwannin baƙi Zongo. A Kano, Fagge ta tashi ne a bayan ganuwa a matsayin masaukin ayari. In aka cire ciyawa aka sa mai, sharuɗɗan madugu su ne sharuɗɗan zangon mota har yau.

Ingila da Amurka

Ɗakin hutu mai tayoyi na farko da aka sani shi ne wanda wani likita ɗan Scotland, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa a 1885, dawakai ke ja. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, Caravan Club. A Amurka kamfanin Pierce-Arrow ya fito da mota mai makwanci a 1910, amma ta masu hannu da shuni ce. Wadda ta kai talaka daji ita ce Ford Model T, saboda araha: mutum ya ɗaura tanti da tukwane a jikinta ya kama hanya. Irin waɗannan matafiya ne suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Florida a 1919, sunan da ake dangantawa da abincin gwangwanin da suke ci a hanya.

A farkon shekarun 1930 Wally Byam ya kafa Airstream, kamfanin da ya yi suna da ɗakuna masu jikin alminiyam. Shi ne a 1959 ya jagoranci ayarin irin waɗannan ɗakuna 41 daga Cape Town zuwa Alƙahira. Winnebago ya fara ƙera mota mai ɗaki a jikinta a 1966, a farashin da matsakaicin ma'aikaci zai iya. A yau mafi yawan waɗannan motoci na Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiana ake yin su, kuma a 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da fiye da 600,000.

Motar ta taso kafaɗa da kafaɗa da gandayen daji na ƙasa. An keɓe Yellowstone a 1872, aka bar motoci su shiga cikinsa a 1915, shekarar da aka kafa gandun Rocky Mountain a jihar Colorado. Hukumar da ke kula da gandayen ta zo a 1916. Tun daga nan aka shiga share filayen kwana, kowane da lambarsa, da teburi, da murhu, da famfo a kusa.

Lokaci

Abin da ke kai mutane kan tsauni sanyi ne. A matsakaici, duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Selsiyus. Filin kwana na Moraine Park a gandun Rocky Mountain yana kusan mita 2,500 sama da teku, Tuolumne Meadows a Yosemite ya ɗara mita 2,600. A irin waɗannan wurare ana iya yini da riga ɗaya a watan Yuli, dare ya yi a nemi bargo biyu.

Lokacin gajere ne, domin dusar ƙanƙara ke da tsaunukan mafi yawan shekara. Hanyar Trail Ridge, wadda ƙololuwarta ta kai mita 3,713, takan buɗe ne a ƙarshen Mayu ta rufe wajen tsakiyar Oktoba. Masu fassara sukan kira wannan lokaci bazara, kuma kalmar tana ɓatar da mutum. Watannin zafin Amurka, Yuni zuwa Agusta, su ne tsakiyar damina a ƙasar Hausa. Bazararmu Maris ce zuwa Mayu, lokacin da hanyoyin tsaunin Colorado ke rufe.

Abin da tsauni ke yi wa mota da mutum

Iska tana raguwa da tsayi. A mita 2,500 nauyinta bai wuce kashi uku cikin huɗu na na bakin teku ba, kuma inji ma numfashi yake yi. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000, don haka motar da ke jan ɗaki cikin sauƙi a fili sai ta koma rarrafe a hawa, lagireto na tafasa. Gangara ta fi hawa haɗari. Direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa kafin a kai ƙasa. Ƙa'idar ita ce a sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taɓawa a saki. Babu direban tirelar da ya taɓa saukowa Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga da zai ce wannan sabon karatu ne.

Ɗakin da ake ja yana da tasa matsalar. In kaya suka yi yawa a bayansa, yakan shiga kaɗa wutsiya har ya kifar da motar da ke jansa, shi ya sa ake so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa ya sauka a kan mahaɗar. A cikinsa akwai tankuna uku, na ruwa mai tsafta, da na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida, biyun ƙarshe kuma ba a zubar da su sai a ramin da aka tanada. Girki da tukunyar gas ake yi, wuta kuma daga batir ko sola ko janareta. Ko dafa wake yakan ja lokaci, domin a mita 2,500 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 92.

Mutum ma yana ji a jikinsa. Daga kimanin wannan tsayi wasu kan kamu da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci, musamman wanda ya taso daga ƙasa ya haye a yini ɗaya. Maganinsa a hau a hankali, in ya tsananta a sauko. A tsaunukan Rocky hadari mai tsawa yakan taso da la'asar a watannin Yuli da Agusta, saboda haka masu hawa a ƙafa sukan yi sammako su juyo kafin azahar.

Dokoki

Ba kowace mota ke shiga kowane wuri ba. A gandun Glacier na jihar Montana, an hana duk abin hawan da tsawonsa ya wuce ƙafa 21, wato mita 6.4, bin tsakiyar hanyar Going-to-the-Sun, saboda ƙunci da kwanoni. A Yellowstone fili ɗaya ne tak, Fishing Bridge, ke ba kowace mota ruwa da lantarki da bututun ƙazanta, kuma ba a karɓar mai tanti a can saboda dabbar beyar da ke yawo a yankin. Wannan dabba ce ta sa doka ta hana barin abinci ko shara a waje. Ana kayyade sa'o'in kunna janareta da yawan kwanakin da mutum zai yi. Wuri kuwa ta intanet ake kama shi, da yawansu tun wata shida kafin ranar.

Titin Bompai

Tun kafin a shimfiɗa kwalta a Sahara, Kano ce babban birnin da mai ƙetare hamada daga Aljeriya ke fara riska. A Disambar 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai kujerar gefe, suna jan ƙaramar tirela mai tanti. Sun bi ta Tamanrasset da Agadas da Kano, suka isa Cape Town a Yulin 1935.

Kakar wannan hanya ita ce shekarun 1970 da 1980. Matasan Jamus da Faransa da Ingila da Holan sukan shigo da Land Rover, ko Volkswagen Kombi da aka sa wa gado da risho, ko tsohuwar Peugeot 504 da za a sayar a Nijar ko gaba da nan a samu kuɗin jirgin komawa. Akwai kuma kamfanonin Ingila irin su Encounter Overland da Guerba da Dragoman, masu ɗaukar fasinja wajen ashirin a manyan motoci, da dama tsofaffin Bedford na soja, a yi watanni daga Landan zuwa Nairobi ana kwana a tanti.

Hanyar tana da nata tsaunukan. Kusa da Tamanrasset akwai duwatsun Hoggar, inda matafiya kan hau Assekrem, mai tsayin kusan mita 2,700, su kwana don ganin fitowar rana a wurin da wani limamin Kirista Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya gina ɗakin ibadarsa a 1911. Daga nan sai In Guezzam, sai Assamaka a bakin iyakar Nijar, sai Arlit da Agadas, inda wasu kan ratse zuwa Timia a duwatsun Azbin. Sai Damagaram, sai iyakar Najeriya ta wajen Daura, sai Kano. Waɗannan matafiya kuwa da hunturu suke zuwa, tsakanin Nuwamba da Maris, don ba mai hankalin da zai shiga Sahara da mota a watan Yuli don nishaɗi.

Masaukinsu a Kano shi ne Tourist Camp na gwamnatin jiha, a kan titin Bompai, kusa da Central Hotel. Fili ne mai katanga da ɗakuna kaɗan da wurin wanka, inda mutum zai ajiye motarsa ya kafa tanti ko ya kwana a cikinta. Littattafan jagorar matafiya na wancan zamani sun ambace shi. Bayan makonni a cikin yashi, abin da baƙin ke nema a bayyane yake: banki, gidan waya, da bakanike. Sifirin da ya karye a hamada a Kano ake yi masa walda, kayan gyara kuwa akwai su a Sabon Gari da kasuwar Ƙofar Ruwa. Kafin mota ta tashi sai su zaga kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, su hau Dala. Daga Kano wasu su nufi Jos da Yankari, wasu Maiduguri su faɗa Kamaru ta duwatsun Mandara.

Rikici ne ya kashe hanyar. Tawayen Abzinawa a arewacin Nijar daga 1990, da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992, sun yanke ta. Ta ɗan farfaɗo a ƙarshen shekarun 1990, sai aka sace Turawa masu yawon buɗe ido 32 a Saharar Aljeriya a 2003. Tseren motoci na Dakar ma an soke shi a 2008, ya koma Kudancin Amurka a shekarar da ta biyo. 'Yan kaɗan da ke ratsa Afirka da mota a yanzu sun koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya.

Sharaɗa, Challawa da Bompai

Zangon motar da bai taɓa yankewa a Kano ba shi ne na direbobin manyan motoci. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu, tun zamanin Turawa, da matatun man gyaɗa da masaƙu. Sharaɗa, mai kashi uku, da Challawa ta bakin kogi sun bunƙasa a shekarun 1970, da majemu da kamfanonin roba da na lemo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shi ya daɗe yana ɗaukar kayan birnin, amma da ya yi rauni sai nauyin ya koma kan titi. Ko bayan da masana'antu da yawa suka rufe tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta, waɗanda suka rage da rumbunan ajiya suna cin ɗimbin kaya daga tashoshin ruwan Legas, tafiyar da ta kai kilomita 1,000. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, ba nisa da Challawa.

Direban da ya kawo kaya ba lalle ya sauke a ranar ba, wanda ya sauke kuma ba ya son komawa da bodi wayam. Jiran layi da jiran lodi kan ɗauki kwanaki, kuma a gindin motar ake yin su, don ba a barin kaya ba mai gadi. Tsarin zaman sananne ne. Yawancin kawunan tirela, irin su DAF da MAN da Howo, suna da gado a bayan kujera, na direba ne. Yaran mota su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi, su ɗaura gidan sauro a jikin ƙarfe. A gefen bodi akan yi wa motar akwatin ƙarfe na ajiye risho ko tukunyar gas da tukwane da shinkafa, ga jarkar ruwa, ga buta. Inuwar motar ita ce zaure, nan ake cin abinci, nan ake salla. Inda tireloli suka yi kwana biyu, mai shayi da mai faci da mai abinci ba sa daɗewa ba su iso ba. Haka Tafa da Mararrabar Jos da Ogere suka cika, kamar yadda zangunan fatake suka cika a da.

In aka auna da sharuɗɗan madugu, wannan zango ya gaza a biyu cikin uku. Wurin ajiye mota sau da yawa gefen titi ne, abin da ke ƙuntata hanya ya kuma jawo haɗari da dare. Ruwa da makewayi kuwa sai abin da mutum ya samo wa kansa. Akwai kuma haɗarin da ya haɗa direban Sharaɗa da mai hutun Colorado: hayaƙin gawayi ko na janareta a rufaffen wuri. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci, kuma da hunturu ne aka fi jarabtuwa da rufe gilashi a kan wuta.

Ta fuskar sana'a, babu wani abu a jikin motar zango da ya gagari Kano. Masu walda da ke gina bodin manyan motoci, da masu mayar da kwantena ofis ko ɗakin maigadi, da masu haɗa sola, duk suna nan. Abin da babu shi ne kasuwar, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsadar mai, da halin tsaro a hanyoyi, da rashin filayen kwana. Ga kuma al'ada. Bahaushe in ya samu hutu ziyara yake zuwa, kuma wanda ya je garin da yake da ɗan'uwa ya kwana a mota, sai an tambaye shi laifin da aka yi masa.

Tsaunukan gida

Wuraren sanyi dai akwai su. Kano tana ƙasa da mita 500 sama da teku, Jos kuwa ta kai kimanin 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta sun ɗara 1,800. A zamanin mulkin mallaka jami'an Turawa da 'yan mishan sukan hau can hutu, a Jos da Miango. Daga Kano tazarar kimanin kilomita 300 ce ta dajin Falgore da Saminaka, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, Jos takan yi ƙasa da haka da digiri biyar ko fiye. A Nijar, ƙololuwar dutsen Bagzan a Azbin ta kai mita 2,022.

Mafi kama da gandayen tsaunin Amurka shi ne Gashaka-Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Najeriya. Hedikwatarsa tana Serti, a kan hanyar da ke hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, hanya mai kwanoni da gangara wadda ke gwada birkin kowace mota. Tudun Mambila yana wajen mita 1,600, da gonakin shayi da shanu da sanyin da ke sa a kwana da bargo. Damina takan cika koguna ta lalata hanyoyin cikin gandun, don haka lokacin ziyara rani ne, daga Disamba zuwa Maris, da mota mai jan ƙafa huɗu. A kan iyakar gandun da Kamaru ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. Mota ba ta kai wa kansa. A ƙafa ake hawa, da ɗan jagora, ana kwana a tanti.